Ranar da Na Ƙi Ɗaure Bakin Barsu

Shekaran jiya ɗaya daga cikinku, ku sababbin masu allurar dabbobi, ya tsaya a bakin shagona, hannu cikin aljihu, yana kallo ina yi wa wata tunkiya allura. Da na gama ya ce, "Baba Lawai, ashe aikin naku ke nan? A zuƙa, a tsira, a kama hanya." Na ɗaga kai na dube shi, ban ce komai ba, don tunkiyar ta take mini ƙafa, ga zafi, ga mai ita yana sauri. Amma maganar ta bi ni har gida, ta hana ni jin daɗin tuwo. To ga amsata, shi da sauran 'yan'uwansa da suka sayi sirinji ranar kasuwa, suka rataya jaka, aka wayi gari ana ce musu likita.

Ni dai ba likita ba ne, ban taɓa yarda a kira ni haka ba sai da wasa. Mai duba dabbobi ne ni, a hannu na koya, kuma na haura shekara talatin ina yi. Daga Kankia zuwa Rimaye, Kunduru, har cikin ƙauyukan Kusada, babu burtalin da ban bi ba, da keke tun gwiwoyina na da ƙarfi, daga baya da babur. Shanu, tumaki, awaki, jakuna, babu wanda bai shure ni ba. Abin da ya raba ni da yawancin abokan sana'a shi ne ina taɓa kare. Su ba sa so, kuma ban ga laifinsu ba. Amma mafarauta na da karnuka, Fulani na da su a ruga, masu garka na ajiye su, kuma in karen ya kwanta ciwo, mai shi ba shi da wurin zuwa sai wurina.

Shi ya sa ba na shiri da bazara. Da zarar mangwaro ya fara faɗuwa, iska ta tsaya cak, rijiyoyi suka yi ƙasa, ni kuma zama ya gagare ni. Ina shago amma kunnena na kan waya. In tashi in leƙa man babur, in dawo in buɗe jaka in duba allurai, in rufe, in sake buɗewa. Maiɗakina ta ce da bazara ko kujera ba ta sanin nauyina. Dalili kuwa rina. Lokacin ne take yawa kuma take faɗa, ita da baƙin zirnako mai gida a jikin itace. Ƙishirwa na kawo su bakin rijiya da gindin randa, zaƙi na tara su kan ruɓaɓɓen mangwaro. Shi kuma kare zafi na kora shi neman inuwa, ƙarƙashin rumbu, cikin kogo, bayan danga, daidai inda suka rataya gidansu. Ga shi komai ya gani da hanci yake fara gaishe shi. Saniya in rina ta harbe ta, ta yi tsalle ta kaɗa wutsiya, shi ke nan. Kare kuwa a fuska ake samunsa, a leɓe, a hanci, wani lokaci har cikin baki in ya cafko ta.

Maigidana a sana'a Malam Iro ne, Allah ya jiƙansa. Ya yi aikin dabbobi na gwamnati har ya yi ritaya, ya buɗe ɗan shago kusa da tasha. Shekarata ta farko a wurinsa ban tsira wa ko kaza allura ba. Aikina tafasa sirinji. Na gilashi ne a lokacin, guda biyu gare mu, a kwance su a sa cikin 'yar tukunya tare da allurai, a tafasa, a ɗauko da hantsaki. Ya ce ranar da na fasa ɗaya in nemi garin da zan koma. Sai wankin ma'aunin zafi, wanda kun san inda ake sa shi, sai riƙon ƙafar baya ta jaki. Mutum ne mara yawan magana. In muka iske dabba kwance, zai tsuguna ɗan nesa ya yi ta kallonta har mai ita ya ƙosa. In na kai hannu zan ɗauko kaya sai ya ce, "Lawai, mi ka gani da za ka buɗe jaka?" Sau da yawa ban ga komai ba, hannuna ne kawai ke ƙaiƙayi.

Abu ɗaya da ba sai an koya wa kowa ba a ƙasar nan shi ne igiya. Kafin a taɓa kare sai an ɗaure masa baki. Mun tashi muna ƙyamar yawunsa, in ya taɓa maka riga sai ka wanke kafin salla, ga kuma tsoron cizo. Don haka kowane mafarauci na da 'yar igiyar rama a ƙugu. A naɗa sau uku a dogon bakin, a ƙulla ƙarƙashin haɓa, a zagaya bayan kunnuwa a sake ƙullawa. Na iya wannan ɗaurin tun kafin in iya zuƙar magani, har ina taƙama da shi. Malam Iro ma yakan ɗaure in zai ɗinke rauni ko cire ƙaya. Ban taɓa lura cewa akwai ranakun da ba ya ɗaurewa ba, balle in tambayi dalili.

Aikin farko da na fita ni kaɗai, a shekarata ta uku, na wata karya ce mai suna Kyalle. Malam Iro ya tafi ruga wajen Rimaye, saniya ta kasa haihuwa. Rana tsaka sai ga wani mafarauci, Sallau, daga wani ƙauye kan hanyar Kusada, ya jiƙe sharkaf da gumi a kan keke. Ya girme ni da shekara goma ko fi, dogo ne, ba ya dariya. Ya ce rina ta taru a kan karyarsa. Na ce Malam ba ya nan. Ya ce, "To kai ba ka iyawa?" Da na amsa masa da gaskiya, da yau ba ni da wannan labarin. Na ɗauki jaka na bi shi.

Mun iske ta ƙarƙashin rumbu, fuska ta kumbura har idanu sun kusa rufewa, hanci ya toshe, baki buɗe, harshe waje, tana haki kamar zuga-zugin maƙera. Yawu na zuba. Na ja baya don kada ya taɓa ni. Sallau ya kwance igiyar ƙugunsa ya miƙo mini, na karɓa ba tare da tunanin komai ba, na yi ɗaurina mai kyau, naɗi uku, ƙulli biyu. Ƙarƙashin rumbu da duhu, ba na gani sosai, sai na ce a jawo ta fili. Muka kwantar da ita a rana, kan ƙasar da ba ta takuwa ba takalmi. Sallau ya danne mata ƙafafu. Na ɗauko hantsaki na shiga neman ƙari, wato tsinin harbi, a fuskarta, alhali rina ba ta barin ƙari, ƙudan zuma ne ke bari. Na ɓata lokaci ina tonon abin da babu shi. Sai daga baya na tuna da sirinji, na aika cikin gida a hura wuta a tafasa.

Tana ta fizge-fizge, Sallau na dannewa, ina ce masa ya ƙara riƙewa. Can sai ta lafa. Na ce, "Ka gani, ta soma samun sauƙi." Kafin ruwan ya tafasa ta mutu.

Sai na ce dafin ne ya yi mata yawa. Sallau bai dube ni ba. Ya kwance igiyarsa daga bakinta, ya naɗe, ya mayar ƙugu, ya ce kwananta ne ya ƙare. Har bakin hanya ya rako ni, ya yi mini godiya.

Da Malam Iro ya dawo da yamma na ba shi labari, har da ƙarin gishiri kan yawan rinar. Yana wanke hannu, bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Ina ka kwantar da ita?"

Na ce, "A hili, Malam, don in gani."

"Harshenta wane launi ya koma?"

"Ban gani ba. Bakin a ɗaure shike."

Ya ajiye butar. Ya dube ni ya ce, "Kare ba shi gumi irin nawa da naka. Da baki shike hidda zahi. Rina ta toshe mata hanci, kai ka toshe baki, ka shanya ta a rana. To ta ina ka so ta sha iska?" Bai ɗaga murya ba, kuma da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Gobe ka tahi ka hwaɗa ma mai ita abin da ya kashe ta."

Na ce to. Ban je ba. Gobe ta zama jibi, jibi ta zama shekara ashirin. Mukan haɗu da Sallau a kasuwa, mu gaisa, in yi sauri in wuce. Bai sake kirana aiki ba, ni kuma har godiya nake wa Allah da bai kira ba. Kunya ce, ba wani abu ba, kuma ba ta taɓa sakina ba.

Tun daga ranar na koyi aikin rina da gaske, ga shi kuma a taƙaice tunda ku masu sauri ne. Inuwa tukuna, inda iska ke ratsawa. Baki a sake. A jiƙa buhu a shimfiɗa masa, a riƙa zuba ruwan randa a cikinsa da hammata da tafin ƙafa, ana fifita. Kada a ɗura masa ruwa, shaƙewa zai yi. A ajiye kasko kusa, in ya iya ya sha da kansa. A dubi harshe da dasashi. In ja ne, da sauran lokaci. In sun fara komawa fari ko duhu, ko numfashi ya soma fita da ƙara, to allurar kumburi ake so yanzu-yanzu, kuma gwargwadon nauyin karen, ba gwargwadon abin da ya rage a kwalba ba. Wanda bai san wannan awon ba ya nemi wanda ya sani, ko ya ɗauki karen zuwa asibitin dabbobi. Harbi ɗaya ko biyu a ƙafa kuwa, ruwan sanyi da haƙuri sun isa.

Wani aiki a garkar mangwaro wajen Kunduru, na iske an riga ni magani. An shafe fuskar karen da baƙin man inji, an ɗura masa manja, wata tsohuwa don tausayi ta ba shi ƙwayar ciwon kanta guda biyu. Rinar ba ta yi masa rabin abin da suka yi masa ba. Sai da na yi kwana uku ina zirga-zirga kafin ya miƙe. Fulani sun fi sauƙin sha'ani, su nono ne maganin komai, nono kuwa ba ya kisa in dai ba ɗurawa aka yi ba. Mafarauta su ne masu gardama. Kowanne na da laya da garin maganin da kakansa ya bar masa, sai ya gama gwada su duka, kare ya fara sanƙarewa, sannan ya tuna da lambata. In ya rayu, layar ce. In ya mutu, allurar Lawai ce.

Sai shekarar da ba na son tunawa, yau shekara takwas ke nan ko tara. Bazara ta yi tsawo, ruwa ya ƙi sauka, aka kuma ce mahaukacin kare ya ciji mutane a wani gari. Ban san iya gaskiyar labarin ba, amma tsoron ba na wauta ba ne. Na taɓa ganin mutumin da haukan kare ya kama, ba na yi wa maƙiyina fatan ganin haka. Sai dai mutane sun daina tsayawa su duba. Duk karen da aka ga yana gudu ba kai, yana kuka, yawu na zuba, sai a yi masa ca da sanduna. To karen da rina ta taru a kansa me yake yi? Gudu, kuka, yawu. Sau biyu a mako guda ana kirana, in isa in iske an gama, in tsuguna in ɗaga leɓen mushen in ga tabon harbi a jere. Na daina zuwa gida cin abincin rana. Babur a bakin shago fuskarsa waje, jaka ɗaure a baya, ni kuma ina ta kai-komo a inuwar itacen bedi kamar mai jiran haihuwa.

Wata rana dab da azahar waya ta yi ƙara, lambar da ban sani ba. "Lawai, Sallau ne. Ka taho yanzu. Za su kashe mani Barsu." Ya kashe wayar. Shekara ashirin bai neme ni ba, amma ban manta muryar ba. Na san Barsu a bakin mutane: jan kare, daga zuriyar Kyalle, shi kaɗai ya rage wa Sallau. Tsufa ya hana shi farautar nesa, 'ya'yansa maza sun tafi birni. Barsu ke tsare masa awaki, shi ke kamo masa zomo, shi ke raka shi gona. A hanya babu abin da ban saƙa ba. In karen mahaukaci ne fa? In kuma ba mahaukaci ba ne ya mutu a hannuna, na biyu ke nan a gida ɗaya. Sau ɗaya na sassauta mai kamar in juya, sai na ji kunyar kaina na ƙara wuta.

Tun daga nesa na hango taron. Maza cike da ƙofar gidan, da sanduna da taɓarya, wani har da fartanya. Sallau na zaune a bakin ɗakin awaki, gorarsa bisa cinya, ya tare ƙofa. Ya tsufa, ya rame, amma babu wanda ya matsa kusa da gorar nan. Daga ciki ana jin haki da wani irin gurnani. Mai unguwa na tsaye gefe, dattijo mai hankali, da ganinsa ka ga wanda ba ya son a yi abin kunya a gabansa.

Na gaishe shi. Ya ce, "Malam Lawai, gara da ka zo. Karen ga ya shigo gari da gudu, shina dalala, ya bangaje mata a bakin rijiya. Muna da ƙananan yara. Ba mu iya barin shi."

Na ce, "Ranka shi daɗe, ya ciji wani?"

"Bai ciza ba tukuna."

Na juya wajen Sallau. "Yaya Sallau, da sahe ya ci abinci?"

"Ya ci, ya sha ruwa. Lahiya lau muka hita."

"To mi ya hwaru?"

"Kurege ya bi cikin kogon tsamiya. Ya sa kai, sai na ji ihu. Da idona na ga zirnako na bin shi."

Wani daga baya ya ce ai mai kare ba zai faɗi gaskiya ba. Na ce wa mutane haukan kare ba ya sauka tsakanin hantsi da azahar, kwanaki yake ɗauka kare na canza hali, kuma ba ya kumbura fuska. Suna ji, amma sandunan ba su sauka ba.

Mai unguwa ya yanke: in duba shi, amma da sharaɗin a ɗaure bakin tukuna. Ba mugunta ba ce, abin da kowa ya tashi ya sani ke nan. Wani ya kwance igiyar akuya ya jefo, ta faɗi a gabana. Na dubi igiyar. Na dubi Sallau, shi ma ni yake kallo.

Na ce, "Ranka shi daɗe, ba ni ɗaurewa."

"In ya cije ka hwa?"

"Ni ya ciza. In na ɗaure, ba sai kun sa sanda ba, na kashe maku shi."

Na tsallake igiyar, Sallau ya kauce, na sunkuya na shiga. Zafin ɗakin kamar tanderu. Barsu na kwance a lungu, kai ya zama biyu, leɓe ya rataya, ido ɗaya a rufe, numfashi na fita da ƙara. Na haska tocila: harbi a hanci, a leɓe, a kunne, ko'ina. Harshe ya fara duhu. Na ce wa Sallau mu fitar da shi. Muka ɗora shi kan buhu muka ɗauko, ni ta kai, shi ta ƙafafu, yawu na bin hannuna har hannun riga. Da muka fito taron ya dare, wasu har da tuntuɓe. Muka kwantar da shi gindin ɗorawar da ke ƙofar gida. Matar Sallau ta kawo tulu biyu, muka jiƙa shi, ta tsaya tana fifita da faifai tana kau da kai.

Na zuƙi magani. Na kama fata na tsira. Barsu ya juyo ya kama ni a gindin babban yatsa, ya datse. Ban fizge ba, don in na fizge allurar ta fita. Na danna maganin ya shige duka, sannan Sallau ya ɓare masa muƙamuƙi. Jini ya zubo kan buhun. Wani cikin taron ya ce, "Shi ke nan, ya cije shi." Sandunan suka sake matsowa.

Na ce, "Ku ma in aka soka maku allura kuna cikin wannan hali, cizo za ku yi. A ba ni sabulu." Na tsuguna nan gabansu, matar Sallau na zuba ruwa, ina wanke ciwon, in wanke in sake, har tulu guda ya ƙare. Idona kuwa na kan cikin karen, yana hawa yana sauka. Haka muka zauna muna jira. Aka yi ta zuwa salla ana dawowa, ni sai da na ari riga sannan na yi tawa. Wajen la'asar ƙarar numfashin ta ragu, harshe ya dawo ja. Can Barsu ya ɗaga kai, ya ja jiki zuwa kasko, ya soma lasar ruwa a hankali, rabi na zubewa. Mai unguwa ya daɗe yana kallonsa.

Ya ce, "To, na gani. Amma hankalin mutane bai kwanta ba." Na ce a ɗaure shi ta wuya a inuwa kwana goma, ba mai zuwa kusa sai mai shi. Karen da hauka ya riga ya fito masa ba ya kai kwana goma. In ya canza, ni da hannuna zan yi masa allurar ƙarshe. A kan haka aka watse. Ni kuma daga nan asibiti na wuce, aka fara mini allurar cizon kare. Ku riƙe wannan: na tabbata harbi ne, amma ba a yin jarumta da cizon kare, komai tabbacinka.

Kwana goman nan ban san inda na sa kaina ba. Hannu ya kumbura, riƙon babur da ƙyar, amma kullum sai na je. In isa, in tsaya daga nesa, in kalli yadda yake cin tuwo, yadda yake kaɗa wutsiya in Sallau ya fito, in juyo. Kafin in iso Kankia na fara tunanin ko akwai abin da ban lura da shi ba. Labari kuma ya riga ni gari. A masallaci sahu ya yi mini faɗi, ta dama da ta hagu. Mai shayin tasha, abokin wasana, kullum sai ya miƙo mini kofin ruwa ya ja baya yana leƙen fuskata, wai ya ga ko na fara tsoron ruwa. In shanye in ce ya ƙaro. Muna dariya, amma tawa ba ta wuce haƙora. Ba hannun ne ya fi damuna ba. In karen nan ya mutu, ko da na wani ciwo ne daban, babu wanda zai sake barin kare mai yawu ya jira zuwana, kuma Sallau ya rasa na biyu a hannuna.

Rana ta goma da hantsi na iske mai unguwa ya riga ni. Barsu ya warke sarai, sai 'yan tabo a hanci, yana ta jan igiya yana son bin awaki. Mai unguwa ya ce, "Sallau, kwance abinka." Ya kwance. Karen ya zagaya gidan da gudu sau biyu, ya dawo ya kwanta a ƙafar mai shi. Mutane suka yi ta yi mini sannu da hannu, har da wanda ya jefo igiyar.

Sallau ya rako ni inda na jingine babur, kamar yadda ya rako ni wancan karon. Na sa makulli, na sake cirewa. Na ce a raina in ban faɗa yau ba, sai dai a lahira.

Na ce, "Yaya Sallau, akwai maganar da Malam Iro ya aiko ni in hwaɗa maka, shekara ashirin ke nan ban iso ba. Kyalle ba dahi ya kashe ta ba. Ni ne. Ɗaurin da na yi mata ne, da ranar da na shanya ta."

Ya sosa wa Barsu bayan kunne da kan gora. Sannan ya ce, "Na sani."

"Ka sani?"

"Tun ran nan. Ni ke danne da ita, a hannuna na ji tana neman iska. Igiyar wa ce? Tawa ce, ni na miƙa maka. Ban sake kiranka ba don in na gan ka ita nike tunawa. Ba don na riƙe ka ba."

Na ce, "To mi ya sa ka kira ni wannan karon? Ga masu allura nan kusa da kai."

Ya ce, "Kowane cikinsu ya zo, igiya zai soma nema. Duk ƙasar ga, kai kaɗai na tabbata ba ka ɗaure mashi baki."

Na tayar da babur na kama hanyar Kankia, ban bi ta shago ba. A duk bazarar nan, ranar ce kaɗai na zauna a gida na ci tuwon rana har na gama.